Fijon Inna Lantana

Shekara goma sha tara tana zaune
gindin darbejiyar gidanmu a Tudun Jukun,
farar Fijo da ta koma ruwan ƙasa.
Tayoyi huɗu sun durƙusa kamar raƙumi,
sai dai shi raƙumi, in an ce tashi, yana tashi.

Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba.
Zanzaro ya gina ɗaki bayan madubi.
Ɓera ya aurar da 'ya'yansa cikin inji,
aka cinye wayoyi a matsayin gara.
Mu kuwa barkono muke shanyawa a kanta,
yara na koyon baƙi da yatsa a gilashi.

'Yan gwangwan sun zo sau uku da sikeli.
Na ukun har ya fara tofa wa yatsa yawu,
sai muryar Inna ta keto labule:
"Mai auna ta da kilo, ya fara auna ni."
Idonta ya tafi, kunnenta na nan garau.
Ita ta tuƙa ta shekara ashirin,
unguwarzoma, daga Wusasa
zuwa duk inda dare ya buga ƙofa.

Na ɗauko Ɗanliti daga Sabon Gari,
makaniki mai sifana a aljihu, magana kaɗan.
Ya ɗaga murfin inji, ƙadangare ya yi tsalle.
Ya daɗe yana kallo kamar mai zuwa ta'aziyya,
sannan ya ce, "Ba mutuwa ta yi ba.
Fushi ta yi."

Baƙin mai ya daskare kamar maɗi.
Lagireto ya zama rariya.
Tankin fetur, da muka zazzage,
tsatsa ya zubo mana, cikin mudu guda.
Sau biyu na je Fanteka neman kafireta,
na dawo da wadda ba tata ba.
Albashina ya narke a fulogi da fanbel,
matata ta daina tambaya, ta koma tsaki.

Ran sati na bakwai na ɓalle akwatin gaba.
Ga almakashi, ga tocila da batir ya ruɓe a ciki,
ga littafi mai bangon shuɗi, rubutun Inna:
rana, unguwa, mace ko namiji.
Ɗanliti ya goge hannu a wando, ya karɓa,
yana bin layi da baƙin yatsa,
har ya tsaya:
"Litinin, asuba, gadar Kubanni.
Ba mu kai asibiti ba. Namiji. Kujerar baya."
Ya leƙa kujerar, soso ya fito waje,
ya daɗe bai ɗago ba.
Tun ranar ban ƙara jin kuɗin aiki a bakinsa ba.

Muka aro batir a motar Malam Jumare.
Makulli ya juya. Ƙyat. Shiru.
Ya sake. Ta yi tari irin na tsohon da aka tasa a barci,
ta koma ta kwanta.
Yaran layi suka jeru a bayanta,
har da mai rake, har da ladan,
tura, tura, zuwa gangaren makaranta,
sai ta yi atishawa, ta girgiza,
ta tofar da hayaƙin shekara goma sha tara
a fuskar duk wanda ya taimake ta.

Da na shigo da ita ƙofar gida tana rawar ɗari,
Inna na tsaye, ta dafa bango,
ta riga ta yafa gyale.
Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba.
Ta karkata kai tana saurare, ta ce,
"Giya ta biyu gardama gare ta.
Lallaɓa ta ake yi, ba dannawa ba.
Buɗe min gaba.
Wusasa za mu."